Hoton baƙi da fari yana fita kore, fuska ta cushe: yadda za ka haɗa lanƙwasar firintarka da kanka

"Assalamu alaikum Masta. Ina da ɗan shagon hoto a Aboabo, Kumasi, ina aiki da Epson L1800. Hoto mai kala ba ya ba ni wahala, amma baƙi da fari ya gagare ni. Wani Alhaji ya kawo mini tsohon hoton mahaifinsa, na sa a sikana na gyara, a kwamfuta ya yi kyau ƙwarai. Da na buga sai ya fito kore-kore, fuskar tsohon ta yi baƙi ƙirin ba a ganin komai sai ido, aikin da ke wuyan farar rigarsa kuma ya ɓace. Na sauko da wata lanƙwasa daga intanet na ɗora, abin ya ƙara lalacewa. Yaya zan haɗa tawa? Ko dole sai na canza firinta? Akwai mai son sayar mini da P800 ta hannu."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya sa wa shago albarka. Tambaya ɗaya ka yi, amma cuta uku ka lissafa: launin da ya shiga inda ba a kira shi ba, duhun da ya cushe ya cinye fuska, da farin da ya wanke ya tafi da aikin riga. Lanƙwasa, wato jadawalin da ke gyara yawan tawadar da firinta take fesawa, tana maganin biyun ƙarshe sarai. Ta farkon kuwa, a irin firintarka, sai dai ta rage ta, kuma zan gaya maka dalili idan mun iso wurin. Don haka kada ka yi saurin miƙa wa mai firintar Epson P800 kuɗi, kada kuma ka sallame shi tukuna.

Abin da ya same ka ya fi samun mu fiye da kowa, saboda irin hoton da muke ɗauka. Dattijo mai duhun fata sanye da farar shadda, da farin rawani, a zaune cikin inuwar rumfa. Duk abin da iyalinsa suke son gani yana can baki biyu na ma'auni: fuska tana ɓangaren duhu, zaren aiki yana ɓangaren haske. Nan ne kuwa daidai inda firintar da ba a auna ta ba take yin ƙarya. Tsakiyar hoto za ta iya karkacewa ba wanda ya lura, amma idan matakai uku na duhu suka haɗe suka zama ɗaya, kumatu da gemu da inuwar hula sun zama abu guda, mutum ya tafi.

Duk wanda ya taɓa riƙe hotunan tsofaffin gidajen hoto na unguwar Jamestown da ke Accra ya san ba dole ba ne abin ya zama haka. Deo Gratias yana nan tun 1922. James Barnor ya buɗe Ever Young a shekarun 1950, Felicia Abban ma nan unguwar ta yi aikinta. Ka dubi fuskokin da suka wanke a takarda, fata tana da ƙyalli da zurfi, farin tufafi kuma yana nuna ninkinsa. Ni ma a ɗakin duhu na fara, a hannun maigidana a Nima, kuma abin da ya fara koya mini shi ne yanka siririyar takarda in ba ta haske daƙiƙa 2, 4, 8, 16, in wanke, in fito da ita bakin ƙofa mu duba tare. Ba ya yarda in taɓa babbar takarda sai siririyar ta yi magana. Abin da zan koya maka yau shi ne wannan siririyar takardar, sai dai yanzu da lamba ake karanta ta.

Mece ce lanƙwasa, kuma me ya sa ta aro ta ƙi ka

Kowane ɗigo a fayil ɗin hotonka yana ɗauke da lamba, daga kashi 0, wato fari tas, zuwa kashi 100, wato baƙi ƙarshe. Firinta tana karɓar lambar ta fesa tawada. Matsalar ita ce tawada ba ta biyayya ga lissafi. Ɗigonta yana bazuwa idan ya sauka a takarda, yana taɓa maƙwabcinsa, takarda tana shan wani, wani yana zama a sama. Sai ka ce mata kashi 50 ta ba ka duhun da ya kamaci 60, ka ce 85 ta ba ka abin da ba ya rabuwa da 100. Lanƙwasa jadawali ce kawai da ke tsaye tsakanin hoto da firinta tana cewa: idan hoto ya nemi 50, aika 41, domin na auna na ga 41 ne yake haifar da 50 na gaskiya a wannan takardar.

Ka lura da kalmar "wannan". Lanƙwasa ta abu huɗu ce a haɗe: firinta ɗaya, tawada ɗaya, takarda ɗaya, saitin direba ɗaya, wato manhajar da kwamfuta take sarrafa firinta da ita. Wanda ka sauko da tasa daga intanet ya auna tasa firintar ce, wataƙila da tawadar kamfani da takardar auduga, a ƙasa mai sanyi. Kai kana zuba tawadar da ka samu a Adum ko Asafo, a kan takardar da ta zo kasuwa a wannan watan. Kayan aro ba ya rufe katara. Tela ba ya ɗinka wa mutum riga da awon maƙwabcinsa, komai kyawun awon.

Kafin ka auna komai

Akwai gyaran gida da idan ba ka yi shi ba, duk awon da za ka yi ɓata takarda ne. Fara da gwajin ƙofofin feshi, ka duba shi da kyau, da tabarau idan ta kama. Layi biyu da suka ɓace a majenta mai haske, wato tawadar nan mai ja-ja, sun isa su mayar da tokarka kore, kuma na sha ganin mutum yana neman laifi a Photoshop alhali laifin yana kan firinta. Da hunturu wannan ya fi yawa, ƙura da bushewar iska suna toshe ƙofofin. Ka riƙa rufe firinta da ƙyalle, kana buga ko da ƙaramin abu kowane kwana biyu ko uku. Da damina kuma takarda ce take shan laima, ta lanƙwashe, ta yi jinkirin bushewa. Ka ajiye ta cikin ledarta a rufe. Idan wutarku tana yawan ɗaukewa, kada ka buga takardar awo sai da abin riƙe wuta, domin wadda aka katse a tsakiya ba ta da amfani.

Sannan ka zaɓi saiti ɗaya ka tsaya a kansa: irin takardar da ka gaya wa direba, ingancin bugu, da wanda yake kula da launi, Photoshop ko direba. Ɗaya ne zai yi, ba duka biyun ba. Ka kashe duk wani gyaran kai-tsaye da direba yake yi wa hoto, domin irin wannan gyaran yana canzawa daga hoto zuwa hoto, abin da yake canzawa kuwa ba ya aunuwa. Ka rubuta saitin da biro a bayan takardar gwaji. Bayan wata uku ba za ka tuna ba.

Abu na ƙarshe, fuskar kwamfutarka. Ka ce hoton ya yi kyau a can. Yawancin kwamfutocin shagunanmu haskensu ya yi yawa, suna nuna maka abin da ke cikin duhu wanda takarda ba za ta iya nunawa ba, domin kwamfuta fitila ce, takarda kuwa sai an haska ta. Masu aikin bugu suna sauke hasken zuwa tsakanin 80 da 120 a ma'aunin kandela. Idan ba ka da abin aunawa, buɗe farin shafi, riƙe farar takarda a gefensa cikin hasken shagon, ka yi ta ragewa har su yi kusa da juna.

Tsanin toka da lissafinsa

Yanzu aikin kansa. Ka haɗa hoto mai gidaje 21 a jere, na farko kashi 0, na biyu 5, na uku 10, haka har 100. Ni ina kiransa tsanin toka. Kowane gida ya kai santimita ɗaya da rabi ko biyu, kuma ka rubuta lambarsa a ƙarƙashi. Ka buga shi da saitin da ka tsayar, a kan ainihin takardar da za ka yi aiki da ita, ba wata mai araha ba.

Sai ka ajiye shi ya kwana. Wannan na koye shi da tsada. Wata shekara an kawo mini hoton wani malami da ya rasu, ana son manya guda shida kafin addu'ar arba'in, ni kuma na karɓi sabuwar takarda ran nan. Na buga tsani, na auna shi da ɗuminsa, na haɗa lanƙwasa, na buga duka shidan da daddare. Da gari ya waye tawada ta zauna, duhun ya sauka daga inda na auna shi, fuskar malam ta fita ba yadda na gan ta ba. Na sake duka daga aljihuna, kuma abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne ɗansa ya zo karɓa na ce ya dawo gobe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Awa 24 nake ba takardar awo, da damina ma nakan ƙara.

Da me za a auna? Da na'urar awon launi, irin su i1Pro, ko ColorMunki wadda daga baya aka riƙa sayar da ita da sunan i1Studio, ko SpyderPrint. Tana ba ka lambobi uku a kowane gida: L, a, da b. L shi ne haske, daga 0 baƙi zuwa 100 fari, kuma an tsara ma'aunin ne tun 1976 yadda tazara ɗaya a lamba za ta yi kusa da tazara ɗaya a idon mutum. Shi ya sa muke aiki da shi. Farar takarda takan faɗi wajen 95 ko 96. Baƙi mafi duhu a takarda marar sheƙi yakan tsaya wajen 16 zuwa 18, a mai sheƙi mai kyau yana sauka ƙasa da 10.

Bari in ba ka misali da lambobi masu sauƙi. A ce takardarka ta ba da 96, baƙinka ya ba da 16. Tsakaninsu 80. Tsani yana da tazara 20, ke nan kowane mataki ya kamata ya sauka da 4: gidan 5 ya zama 92, gidan 10 ya zama 88, gidan 50 ya zama 56, gidan 75 ya zama 36, gidan 90 ya zama 24. Wannan shi ne abin da kake nema. Sai ka dubi abin da ka samu. A ce gidan 40 ya ba ka 57, gidan 45 ya ba ka 52, gidan 50 ya ba ka 47. Kana neman 56, kuma 56 yana ɗan gaba da gidan 40 kaɗan, wajen 41. To ga maki na farko: idan hoto ya ce 50, a aika 41. A ce kuma gidan 60 ya ba da 38, gidan 65 ya ba da 33. Kana neman 36 domin gidan 75, yana wajen 62. Maki na biyu: 75 ya koma 62. Gidan 75 ya ba da 25, gidan 80 ya ba da 21, kana neman 24 domin gidan 90, sai 90 ya koma 76. Daga nan za ka ga abin da ya cinye fuskar mahaifin Alhaji da idonka: gidan 85 ya ce 18 da rabi, 90 ya ce 17, 95 ya ce 16 da rabi, 100 ya ce 16. Matakai huɗu na hoto, amma a takarda kusan abu ɗaya ne.

Ka buɗe Curves a Photoshop, ka sa shi ya nuna kashin tawada, ka shigar da makin nan ɗaya bayan ɗaya. Idan da GIMP kake aiki, wanda kyauta ne, ma'auninsa 0 zuwa 255 ne kuma a juye yake, 255 ne fari. Kashi 50 shi ne 128, kashi 41 shi ne 150. Kada ka cika maki. Bakwai ko takwas sun isa, ka fi matsa su a wajen duhu da wajen haske. Layin ya tafi sumul kamar bayan ƙwarya. Idan ka ga ya yi ƙusumbi a wuri ɗaya, awon gidan ne ya samu matsala, wataƙila ƙura ko yatsa, koma ka sake auna shi. Lanƙwasa mai gargada tana haifar da zobe-zobe a goshi da kumatu, wanda ya fi cushewar muni.

Ka adana ta, ka ɗora ta a kan tsanin, ka sake bugawa, ya sake kwana, ka sake aunawa. Zagaye na biyu yakan kawo kowane gida kusa da inda ake so, da bambancin 1 ko ƙasa. Nan nake tsayawa. Wanda ya ce sai ya kai sifili zai ƙarar da takardarsa yana bin inuwa, domin firintar kanta tana ɗan motsawa daga yau zuwa gobe.

Domin aikin wuyan riga, ina ƙara ƙaramin tsani na biyu: 0, 1, 2, 3 har 10, da wani daga 90 zuwa 100 ɗaya-ɗaya. Farin zare a kan farar shadda yana rayuwa ne tsakanin kashi 2 da 8. Idan firintarka ba ta fara sa tawada ba sai a 5, rabin aikin ya tafi, sai ka ɗaga farkon lanƙwasar kaɗan yadda 2 zai bar alama. Amma 0 ya zauna 0, kada ka shafa wa farin takarda toka. Kuma ka koma ka duba sikanin da ka yi wa tsohon hoton. Idan tun a can farin ya ƙone ya zama 255, babu lanƙwasar da za ta dawo da zaren da ba ya cikin fayil. Sake sikanin, ka kashe gyaran kai-tsaye, ka ɗauka a bit 16, saitin da ya fi riƙe matakan haske da duhu.

Akwai abu ɗaya da zai ba ka mamaki bayan ka gama. Hoton zai fita da duhu a buɗe fiye da yadda kwamfuta take nunawa, har ka ce ya yi sanyi. Dalili shi ne fayilolin toka da yawa suna kan tsarin rabon haske da ake kira gama 2.2, wanda yake matse duhu: kashi 90 a can L ɗinsa wajen 6 ne kawai, kai kuwa ka shimfiɗa matakan daidai wa daida. A hoton mutanenmu wannan buɗewar alheri ce sau da yawa. Idan kana son ƙarin ƙarfi, ka ƙara shi a hoton kansa da hannunka, inda kake so, ka bar lanƙwasar firinta a miƙe. Gyaran hoto daban, gyaran firinta daban, kada ka cakuɗa su a shimfiɗa ɗaya.

Idan ba ka da na'urar awo

Na san tsadarta, kuma ba kowane shago ne zai saya ba. Hanya ta farko ita ce haɗin gwiwa: masu shago uku ko huɗu ku sayi ɗaya ta hannu, domin ba kullum ake awo ba. Ko ka nemi gidan bugu babba da yake da ita, ka kai tsaninka a auna maka, minti goma ne. Akwai manhaja kyauta mai suna ArgyllCMS, ta Graeme Gill, da take karanta yawancin na'urorin nan.

Hanya ta biyu ita ce sikanarka, amma da ɗan jagora. Akwai katin toka na Kodak da ake kira Q-13, mai gidaje 20, wanda aka san duhun kowane gida. Gidan A yana wajen L 96, gidan M wajen 49, gidan B wajen 17. Ka kwantar da shi gefen tsaninka ka yi musu sikani tare, ba tare da wani gyara ba, sannan ka kwatanta lambobin gidajenka da nasa. Wannan yana aiki sosai daga fari zuwa tsakiya. A can ƙarshen duhu sikana mai araha ba ta rarrabewa da kyau, nan sai ka haɗa da ido.

Idon ma ma'auni ne idan an ba shi haske nagari. Fita bakin ƙofa da hantsi, cikin inuwa, ba cikin rana ba, ba kuma ƙarƙashin farin ƙwan shago mai shuɗi-shuɗi ba. Tambaya ɗaya za ka yi wa tsanin: ina ganin iyaka tsakanin kowane gida da maƙwabcinsa? Inda iyaka ta ɓace, nan za ka buɗe. Inda tsalle ya yi yawa, nan za ka matse. Zai ci maka zagaye huɗu ko biyar maimakon biyu, amma za ka isa.

Maganar kore-koren nan

L1800 tawada shida take da ita, duka na rini: baƙi ɗaya, sayan (wato shuɗi-shuɗi), majenta, rawaya, da sayan mai haske da majenta mai haske. Ba ta da toka. Saboda haka idan ka nemi toka a takardar hoto, haɗa launuka take yi ta ƙirƙiro ta. Ka ga kuwa abin da aka tsayar da ƙafa uku, ɗaya ta gajarta kaɗan sai ya karkata. Majenta ta ragu, kore ya fito. Rawaya ta ragu, shuɗi ya fito.

Nan lambobin a da b suke aiki. Idan a ya sauka ƙasa da sifili, kore ne, idan ya hau, ja-ja ne. Idan b ya hau rawaya ne, idan ya sauka shuɗi ne. Ka mayar da tsanin zuwa RGB, wato tsarin ja da kore da shuɗi, ka shiga layin kore shi kaɗai a Curves, ka sauke shi da lamba 2 ko 3 cikin 255 a gidajen da suka karkata, ka sake bugawa. Da kaɗan-kaɗan ake yi. Wanda ya fi wannan shi ne a haɗa wa takardar cikakken furofayil na ICC, wato fayil ɗin da ke gaya wa kwamfuta yadda firinta take fitar da kowane launi a takardar, da na'urar awo, sannan a ɗora lanƙwasar haske a kai. Kuma ni nakan karkatar da hoton da gangan zuwa ɗumi kaɗan, ruwan ƙasa-ƙasa. Ido yana yafe wa ɗumi, ba ya yafe wa kore, kuma ɗumin yana yi wa fatarmu kyau.

Amma ga iyakar abin. Tokar da aka haɗa da launuka tana canza fuska idan haske ya canza. Ka daidaita ta a bakin ƙofa, Alhaji ya kai ta falonsa ƙarƙashin wani ƙwai, ta koma ja-ja ko kore-kore. Wannan halin tawadar ne, lanƙwasa ba ta da iko a kansa. Haka kuma launukan rini ba sa kodewa tare, bayan shekaru a bango wani zai riga wani tafiya, hoton ya karkata. Idan aikin na kwana biyu ne, fosta ko katin suna, L1800 da lanƙwasa mai kyau ta wadatar. Hoton mahaifin mutum da za a rataye jikoki su gani, wannan wani abu ne daban.

P800 da QuadToneRIP

Nan ne tayin da aka yi maka yake da ma'ana. Tun 2005 Epson ta fito da tawadar gari, wadda launinta ƙananan ƙwayoyi ne ba rini ba, mai baƙi uku a manyan firintocinta na hoto: baƙi, baƙi mai haske, da mai haske sosai. P800, wadda ta fito a 2015 kuma take ɗaukar faɗin inci 17, tana cikin wannan gidan. Da toka ta gaskiya take gina hoto, launi ɗan taɓawa ne kawai. A direbanta akwai sashe na musamman na baƙi da fari, Advanced B&W Photo. Shawarata ka fara da shi. Ka zaɓi saiti ɗaya a ciki, ka buga tsaninka, ka yi lissafin da na nuna maka. Mutane da yawa ba sa bukatar wuce nan.

Wanda yake son riƙe linzamin kowace tawada da hannunsa sai ya koma QuadToneRIP, manhajar Roy Harrington, wadda aka yi domin firintocin Epson kawai. Ita tana ture direban kamfani gefe. Da farko kana buga shafin da yake nuna kowace tawada ita kaɗai daga 0 zuwa 100. Ka dubi layin baƙi ka nemi inda ya daina ƙara duhu. Kamar ƙyalle a marina ne, idan ya sha iya shansa, ƙarin tsomawa ba ya ƙara komai sai ɓarna. A takarda ɓarnar ita ce tawada ta kwanta, ta yi tabo, wani lokaci ma duhun ya ragu. Wurin nan shi ne iyakar tawadar. Ka sake buga shafin da wannan iyakar, ka nemo gidan baƙi da ya yi daidai da ƙarshen duhun baƙi mai haske, haka ma mai haske sosai. Lambobin nan su ne suke gaya wa manhajar inda wata tawada za ta miƙa wa wata aiki. Baƙin gawayi yana da ɗumi da kansa, idan kana son toka tsaka-tsaki sai ka ɗiga sayan mai haske da majenta mai haske kaɗan. Daga nan ka buga tsani, ka auna, ka zuba lambobin L guda 21 a layin LINEARIZE, ita za ta yi lissafin da muka yi da hannu. Idan lambobin ba sa sauka a jere, za ta ƙi karɓa, kuma yawanci hakan yana nufin iyakar tawadarka ta yi yawa. Abin da take fitarwa fayil ne mai lamba 256 ga kowace tawada. Tana kuma barin ka gauraya lanƙwasa har uku, ka ba duhu ɗumi ka bar haske a sanyaye, kuma tana zuwa da ƙaramar manhajar da take haɗa furofayil na toka domin kwamfuta ta nuna maka abin da takarda za ta bayar.

Aikina duka a kan Epson na yi shi, don haka abin da na faɗa game da wannan manhajar a nan ya tsaya. Lissafin tsani kuwa yana aiki a kowace firinta. Akwai kuma masu cire launuka gaba ɗaya su cika firinta da matakan baƙin gawayi shida ko bakwai, irin tsarin Piezography na Jon Cone. Sakamakon yana da kyau matuƙa, amma firintar ta bar aikin kala ke nan, kuma tawadar daga waje za ka riƙa jiran ta. Ga shago ɗaya mai firinta ɗaya ba na ba da wannan shawarar.

Idan za ka je ganin P800 ɗin, tafi da takardarka da tsaninka a filasha. A buga gwajin ƙofofi a gabanka, kowane layi ya fito. Ita tana da baƙi biyu, na takarda mai sheƙi da na marar sheƙi, suna bi ta hanya ɗaya, kuma tana zubar da tawada duk lokacin da aka sauya. Ka sa a sauya a gabanka ka ga duka biyun suna fita. Ka tambayi wata nawa ta yi a ajiye, domin tawadar gari tana kwantawa idan ta daɗe ba motsi. Kuma ka yi lissafin kuɗin kwalabenta tara da inda za ka riƙa samun su kafin ka yi ciniki, ba bayan ka kai ta gida ba.

Ko wace ka tsaya a kai, ka ware hotuna uku na gwaji waɗanda ba ka canza su. Nawa su ne dattijo da farar riga mai aiki, wata baiwar Allah da baƙin mayafi a inuwa, da taron suna a ƙarƙashin rumfa inda rana ta ratso ta gefe. Lanƙwasa ba ta shiga aikin kwastoma a shagona sai ta wuce ukun nan. Ka sa wa fayil ɗinta suna da firinta da takarda da tawada da kwanan wata, kuma duk ranar da ka zuba sabuwar tawada daga wani mai sayarwa, ko kwalin takarda ya canza, ka buga tsani ka duba kafin ka karɓi aiki.

Game da hoton Alhaji, ka roƙe shi kwana uku. Yau ka sake sikani ka buga tsani, gobe ka auna ka buga na biyu, jibi ka buga fuskar kaɗai a ƙaramar takarda ka fita da ita bakin ƙofa. Idan ka ga layin da ke tsakanin gemu da kumatu, ka ga zaren wuyan riga, sai ka sa babbar takarda. Ka turo mini lambobin gidaje 21 ɗin idan ka auna, in duba maka su kafin ka shigar.